Kwana uku a Landan ina bin sawun bataliyar gadi

Ban fi mako ɗaya da dawowa ba, har yanzu sanyin garin nan bai gama fita daga gwiwata ba. Bikin yaye 'yata ne ya kai ni Ingila, amma kwana ukun ƙarshe na ba da su ga wani alkawari da na ɗaukar wa tsohon malaminmu na lissafi. Mutumin Pakistan ne, cikin waɗanda suka koyar a makarantun Arewa wajejen 1980, yanzu yana zaune gidan ɗansa a unguwar Southall. Mahaifinsa ya yi sojan Indiya a Yaƙin Duniya na Biyu, a bataliya ta 25 ta ɗaya daga cikin rundunonin Punjab, kuma shekara da shekaru ana gardama a gidan ko ya cancanci Tauraron Boma, lambar yabon da ake ba sojan da ya yi yaƙi a Boma. Ni kuma kakana ɗan Boma ne, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ya yi kwarin Kaladan a 1944. Tasa lambar tana nan cikin gwangwanin alewa a ɗakin gwaggona a Zariya, zaren ja da shuɗi da ruwan lemo duk ya koɗe. Da na ba Malam labarin a waya sai ya ce, to kai za ka raba mana gardama.

Tun a filin jirgi aka fara jarraba haƙurina. Wani jami'i ya tambaye ni abin da zan yi bayan bikin, na ce binciken tarihin sojan Indiya. Ya ɗaga fasfona ya dube ni, ya sake duban fasfo, ya ce ina ruwan ɗan Najeriya da sojan Indiya? Na so in ce masa ya tambayi kakanninsa da suka kwashi namu a jirgin ruwa suka sauke su Bombay, amma baƙo ba ya cika baki a bakin ƙofa. Na yi murmushi, ya buga hatimi kamar yana marin wani.

Malam ya tsufa, amma Hausarsa ba ta mutu ba. Yana ganina ya ce, "Yarona, ina gajiya? Har yanzu kana tsoron aljabara?" Hajiya kuwa ba ta bari na zauna ba sai da ta cika gabana da shinkafa biriyani da gurasarsu mai zafi da shayi mai citta, tana ƙara mini ina cewa na ƙoshi tana yin kamar ba ta ji ba, ka rantse a Fagge kake. Bayan la'asar ya ciro takardar sallamar mahaifinsa daga cikin leda. Ta yi launin ƙasa, ta tsage wajen ninki, ita kaɗai ta tsira lokacin da suka baro Jalandhar da ƙafa a 1947, da aka raba Indiya da Pakistan. Lambar soja tana nan, shekarar shiga 1941, sallama 1946, da ranar da aka mayar da shi bataliyar gadi a 1944.

Washegari jikan Malam ya raka mu Kew, inda gidan adana takardun gwamnati yake. Mun yi sa'a Talata ce, don ba sa buɗewa Lahadi da Litinin. Katin shiga kyauta ne, shaida biyu kawai za ka nuna. Jaka da riga mai kauri a kulle a akwati, biro haramun ne, fensir kaɗai, shi ma ba mai magogi ba. Na tuna yadda na taɓa ganin fayilolin En'e a wani ofishi a gida, an jibge su a ƙasa gara tana walima, sai raina ya ɓaci ni kaɗai. Kofin shayi a kantinsu kuwa na buga kuɗinsa a naira, na ce wa yaron ruwa ma ya ishe ni.

Littattafan da kowace bataliya take rubuta aikinta na kullum suna ƙarƙashin lambobi: WO 172 na Indiya da Boma, WO 169 na Gabas ta Tsakiya, namu na Afirka ta Yamma kuma WO 173. Fayil ɗin da aka kawo mana siriri ne, takardar kamar ta naɗe ƙosai. Babu harbi, babu hari. Fareti, gadin ma'ajin makamai, rakiyar jirgin ƙasa, mutum kaza sun kwanta da zazzaɓi, hafsa wane ya tafi hutu. Sunan ƙaramin soja ba ya fitowa sai in ya mutu ko ya yi laifi. Haka bataliyoyin gadi suke dama. Sojan Indiya ya kai mutum miliyan biyu da rabi kafin 1945, duk 'yan sa kai, sai aka ware dattawa da 'yan fansho da aka dawo da su da waɗanda likita ya rage wa daraja, aka kira bataliyoyinsu ta 25 ko ta 26, su tsare tashoshi da gadoji da sansanonin fursunonin Italiya irin na Yol, don matasa su tafi fagen daga. Wasu an kai su har Iraƙi da Farisa.

A nan na gane lambar yaƙi ba ta tambayar jarunta, tambayarta ɗaya ce: ina ƙafarka take a rana kaza? Tauraron Boma na wanda ya taka Boma ne daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945, ko da kwana ɗaya. Yankunan Bengal da Assam na Indiya ma sun shiga lissafi daga 1 ga Mayu 1942 zuwa ƙarshen 1943. Amma daga 1 ga Janairu 1944 sai aka ja layi a kogin Brahmaputra, wanda ke gabas ya samu, na yamma ya rasa. Mahaifin Malam ya iso bataliyar a 1944, kuma duk watannin da muka karanta suna yamma da kogi. Na sa yatsa a taswirar wayar jikan na nuna masa. Malam ya cire tabarau ya goge, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe ruwa ne ya cinye tauraron Baba."

Bai tashi a tutar babu ba dai. Lambar Yaƙi ta 1939 zuwa 1945 kwana 28 kawai take nema. Akwai kuma Lambar Hidimar Indiya, ta wanda ya yi shekara uku yana aiki ba a fagen fama ba, wadda ita ce madadin Lambar Tsaro ga sojan Indiya, ba a haɗa wa mutum biyun. Ni a ganina mutumin da ya shekara biyar yana soja, har da gadi cikin sauro, ya fi ƙarfin a auna shi da gaɓar kogi, amma dokar ba ni na rubuta ta ba. Fayil ɗinsa na kansa kuwa ba ya Landan, irin waɗannan sun zauna a cibiyoyin runduna, aka raba su tsakanin Indiya da Pakistan. Rundunonin Punjab na 1 da 14 da 15 da 16 an haɗe su a 1956, cibiyarsu tana Mardan a Pakistan, can jikan zai rubuta.

Kafin mu tashi na saci rabin awa na sa aka kawo mini na bataliyar kakana. Shi ma sunansa babu.

Laraba mun leƙa ɗakin karatu na British Library, inda takardun tsohon Ofishin Indiya suke, jerin sunayen hafsoshi ne ya fi yawa, ba mu daɗe ba. Da yamma na yi cinikin mayafai uku a Southall, mai shagon ya ce ba ragi, na juya zan fita irin na Kantin Kwari, ya kira ni ya zaftare kashi ɗaya cikin uku.

Alhamis na tsaya minti goma a ginshiƙan tunawa da ke kusa da Hyde Park, waɗanda aka buɗe a 2002 don sojojin Indiya da Afirka da Karibiyan. Ruwa ya kore ni. Hajiya ta cusa mini kwalbar yajin mangwaro a jaka, ta fashe a hanya, mayafi ɗaya ya tafi.