Abin da Lokacin Kaka a Beijing Ya Koya Mini Game da Huhu

Na isa Beijing a farkon watan Satumba domin karatun likitanci, kuma ban cika wata guda ba busasshen tari ya kama ni, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, leɓɓana suka tsattsage kamar a tsakiyar hunturu. Abin ya ɗaure mini kai, domin sararin sama garau yake, babu hazo irin wanda na saba da shi a gida. A lokacin ina barbaɗa yajin da na taho da shi a kowane abinci, ina kuma shan shayi mai citta da kanumfari safe da yamma, bisa tunanin cewa da zafi ake korar sanyi.

Malamar da ke koyar da mu tushen maganin gargajiyar Sin ce ta lura da tarin. Bayan darasi ta duba harshena, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna tana sauraron bugun jijiya, sannan ta tambaye ni abin da nake ci. Da na lissafa mata, sai ta ce bushewa ce ke damuna, ni kuma ina ƙara mata wuta. A wurinsu kaka lokacin bushewa ce, kuma huhu ne gaɓar da ta fi shan wahalarta, shi ya sa suke rage kayan yaji, su ƙara abu mai ɗan tsami da mai ruwa, irin su zuma, riɗi, da wani ɗan itace da suke kira li, mai kama da tuffa amma ya fi ta ruwa. Ta koya mini in yanke kansa, in ƙwaƙule tsakiyar, in sa dunƙulen sukari, in turara shi har ya yi laushi. Bayan kwana biyar ina cin wannan da daddare, na kuma ajiye yajin, tarin ya lafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke bibiyar yanayi daki-daki. Kalandarsu ta raba shekara gida 24, tsarin da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da aka gada a 2016, kuma shida daga ciki na kaka ne, tun daga Liqiu wajen 7 ga Agusta har zuwa Shuangjiang, saukar jaura, wajen 23 ga Oktoba. Tsohon littafinsu na magani, Huangdi Neijing, ya umarci mutum a waɗannan watanni uku ya kwanta da wuri, ya tashi tare da zakara, abin da bai yi wa mai tashi sallar asuba wuya ba. Suna kuma hana gaggawar jibga tufafi da zarar iska ta fara sanyi, domin jiki ya saba a hankali, tunda sai 15 ga Nuwamba ake kunna ɗumin gidaje a birnin.

Ba duka na karɓa ba. Danganta huhu da ƙarfe da farin launi da baƙin ciki da suke yi tsari ne na tunani, ba abin da muke gani a ɗakin fiɗa ba, kuma ina ganin kuskure ne a gabatar da shi a matsayin ilimin sassan jiki. Ita kanta malamar ta gargaɗe ni cewa idan tarin ya kai mako biyu in je a ɗauki hoton ƙirjina, saboda tarin fuka ma haka yake farawa. Wannan gargaɗin ne ya sa na yarda da ita.

Bana, da Bailu, ɗaya daga gidajen kaka shidan nan, ta shigo a farkon Satumba, na fara ajiye kwanon ruwa a ɗaki, na mayar da shayin citta sau ɗaya a mako, na kuma kai wa wani sabon ɗalibi ɗan Damagaram li guda huɗu tun kafin ya fara tari.