Yoyon da ba a waya yake ba

Wata huɗu na yi ina zargin na'urar awo. Diyod ɗin da na ƙera da sinadarin galiyam naitaraid, wato ƙananan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, suna yoyon wuta a lokacin da ya kamata su toshe ta, ni kuwa da digirina na farko a injiniyancin lantarki, duk inda matsala ta ɓullo waya nake bi. Na canza igiyoyi, na canza allurar taɓawa, na sake lissafi tun daga tushe. Shiru.

Wata abokiyar karatu daga sashen kimiyyar kayan ƙira ce ta karɓi guntu ɗaya, ta tsoma shi a asid mai zafi, sannan ta sa shi a madubin elektron. Da ta juyo mini allon sai ga ramuka birjik, kowanne da kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Ta ce, "Wutarka ba ɓata ta yi ba, hanya ta samu."

A kan dutsen saffaya aka tsiro da galiyam naitaraid ɗin, kuma tazarar ƙwayoyin zarra na kayan biyu ta bambanta da kusan kashi 16 cikin ɗari. Wannan saɓani ne ke haifar da karaya siriri a jerin ƙwayoyin, tana ratsowa daga ƙasa har sama, miliyoyi ɗari-ɗari a murabba'in santimita ɗaya. Ta wasunsu wutar ke sulalewa. A littattafan da na taso da su, diyod alama ce a takarda da lissafi layi ɗaya. Ba wanda ya taɓa nuna mini cikinta.

Daga nan na shiga azuzuwan sashensu, ilimin zafi da sauyin kaya da na tsarin kiristal. Na sha wuya, musamman da taswirar da ke nuna halin da gauraye ke shiga a kowane zafi, don ina zaune da waɗanda suka shekara huɗu suna karanta ta. A shekara ta biyu na ɗauke su, alhali a zangon farko ya dace. Jinkirin nan ya ci mini kusan shekara.

Abin da ya riƙe ni shi ne tarihin kayan kansa. Shuɗiyar fitilar LED, wadda da galiyam naitaraid ake yin ta, ta jima tana gagarar mutane, ba don an rasa dabarar haɗa waya ba. Masanan Japan Akasaki da Amano a 1989, sannan Nakamura da ya gano cewa gasa kayan a zafi na korar haidurojin da ke daƙile magniziyam ɗin da ake zubawa a ciki, su suka buɗe ƙofar, har suka sami kyautar Nobel a 2014. Haka kamfanin Intel a 2007 ya koma ga sinadarin hafniyam, bayan shimfiɗar silikon oksaid ta sirance har wuta na ratsa ta.

Malamai biyu ke duba aikina, kuma ba yare ɗaya suke yi ba. Ɗaya zanen awon wuta yake so ya gani, ɗaya sakamakon hasken eksire. Na daɗe ina kai wa kowa abin da yake so daban, sai na ga babu mai ganin aikin gaba ɗaya. Na koma haɗa su a zama ɗaya, da shafi guda: yawan ramuka a gefe, yawan yoyo a gefe. A kan shafin nan ne suka fara gardamar da ta zama babi na uku na kundina.

Yanzu ba na shimfiɗa ƙarfe a kan wani guntu sai na yanki gefensa na kai shi eksire da madubi tukuna. Kwana biyu yake ci.