Fijo 504 mai ƙofa biyu a miliyan biyu da rabi, wai a Kaduna

Ni dai in na kwanta da dare sai na ɗauki waya na shiga shafukan tallan motoci, ba don ina da kuɗin saye ba wlh, kallo kawai, kuma tsofaffi nake kallo. Marsandi W123, Boksuwaja kunkuru, Land Cruiser ta da. Amma wadda ke raina ita ce Fijo 504, don a cikinta muka tashi, ta babanmu fara ce haɗin Kaduna, daga kamfanin nan na Kakuri da ya fara haɗa motoci a 1975, har yau ina iya jiyo ƙanshin kujerunta in rana ta dake su.

To rannan wajen ƙarfe ɗaya na dare sai ga talla, 504 Coupé ƙirar 1972, ja, tana sheƙi kamar yau aka fito da ita, naira miliyan biyu da rabi, wuri: Kaduna. Sai da na tashi zaune. Ga wanda bai san ta ba, wannan ba irin wadda muka saba gani ba ce. Mai ƙofa biyu ce, an fara nuna ta a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta kuma shi ya riƙa ƙera jikin, aka daina yi a 1983. A Kaduna salun da wagon da fikof aka haɗa, ita wannan ba a haɗa ta a nan ba. Ma'ana in ka gan ta a ƙasar nan to wani mai hali ne ya shigo da ita tun zamanin da, kuma irinsu ba su da yawa.

Duk na san wannan fa, amma zuciya ta ce kai wa ya sani, ƙila tsohon ya rasu 'ya'yan ba su san darajarta ba. Nan ne wajen da 'yan damfara suke kama mu. Mutumin da bai san mota ba tallan nan ba zai ɗaga masa hankali ba, zai ce tsohuwar akwala har miliyan biyu? Wanda ya sani shi ne abin farautar, don shi ne zai ga kamar ya yi tsuntuwa, har ya ƙi gaya wa kowa kar a riga shi. Ni ma ban gaya wa kowa ba sai da gari ya waye.

Na yi wa mai tallan magana ta WhatsApp, cikin minti biyu ya amsa, ƙarfe ɗaya na dare fa. Ya ce ta mahaifinsa ce, shi kuma aiki ya kai shi kudu, motar tana gareji a kulle, mutum uku sun nuna sha'awa, in da gaske nake in tura dubu ɗari biyu kafin alƙalami ya sa ƙaninsa ya buɗe min. Na ce to a yi bidiyo kol ƙanin ya nuna min ita, ya ce wayar ƙanin kyamara ta lalace. Na ce a ɗauko min hoton lambar shasi, sai ya rubuto min da hannu, haruffa da lambobi guda 17 cif. A nan jikina ya yi sanyi, saboda tsarin lamba 17 sai wajen 1981 aka daidaita shi, motar 1972 ina ta samo shi?

Da safe na kai wa kawuna hotunan, shi tsohon bakanike ne, ya yi shekaru yana kwance Fijo yana ɗaurawa, rabin rayuwarsa tsakanin gareji da kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya yi ta. Ko motar bai kalla ba. Ya ce ɗana, dubi bayanta. Ciyawa kore shar an aske ta, gida mai jan rufi da tagogin katako, ƙasa ba ƙura ko ɗigo, ga wurin lamba an shafe. Ya ce wace unguwa ce wannan a Kaduna cikin watan Janairu? Na yi dariya amma kunya ta kama ni. Na saka hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga shi a wani shafin sayar da motoci na Faransa, hoto ɗaya sak, farashin a Yuro, in ka canza shi ya ninka na mutumina ban san sau nawa ba.

Tun daga nan na koma duba gefen hoto kafin mota. Akwai wata Marsandi da na gani, an rubuta wai mutum ɗaya ne ya riƙe ta a Zariya tun tana sabuwa a 1980, amma sitiyarinta a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyari a hagu. Hoton Ingila ne kawai aka kwaso. Sai masu cewa su jami'an kwastam ne ana gwanjo, ka biya kuɗin fom a asusun wani mutum, waɗannan ma ba sai na ɓata yawu ba.

Amma kar a ce duk araha ƙarya ce, a'a, ana samun tsohuwar mota da sauƙi da gaske. Bambancin da na lura shi ne ta gaskiya dalilin araharta a jikinta yake, za ka gan shi da idonka, ta ƙarya kuma dalilin labari ne, tafiya ko rashin lafiya ko canjin wurin aiki. Kawu ya ce shi in ya je duba tsohuwar mota da ɗan maganaɗisu yake zuwa a aljihu, yana manna shi a ƙasan ƙofa da bakin taya, inda ya ƙi kamawa to fila aka cika aka bi da fenti, tsatsa ta gama cinye ƙarfen. Yana ɗaga kafet ya ga ƙasa, ya buɗe but ya ciro safaya ya leƙa ramin, sannan ya haɗa lambar da ke jikin mota da ta takarda. Inji ma sau da yawa ba nata ba ne, an cire an dasa wani, wannan bai hana tafiya ba amma darajar ta faɗi.

Akwai kuma wata matsala da ba a rubutawa a talla, motar gado. Ɗa ɗaya ya ɗauki hoto ya saka a intanet da araha don ya yi sauri ya karɓe kafin 'yan'uwa su ji, motar tana nan, takardu na nan da sunan marigayi, ka biya ka kai gida ka kashe kuɗin gyara, bayan wata biyu sai ga sammaci. Kawu ya ce in ka ji ta mahaifina ce, to ka tambayi an raba gado? Wa da wa suka yarda? A zo da babban wa ya sa hannu gaban shaidu, in an fara kame-kame ka kama gabanka.

Mutumina dai na tura masa hoton shafin Faransa ban ce komai ba, ya karanta ya yi bulokin ɗina. Bayan sati biyu na sake cin karo da jar motar, ciyawar nan dai, gidan nan dai, amma yanzu wai tana Jos, lambar waya daban, kuma an rage dubu ɗari uku.