Tekun da aka shigar cikin ɗaki

Da hantsi muka bar San Faransisko a jirgin fito. Muka gitta ta gefen tsibirin Alkataras, iska tana yanka mana kunnuwa, har muka sauka Sausalito. Daga nan na taka da ƙafa, tafiya mai ɗan nisa ta bakin ruwa. Ginin da na nufa, inda aka ajiye ƙaramin samfurin mashigin tekun San Faransisko da ake kira Bay Model, ba abin a juya a kalla ba ne, tsohon sito ne na masana'antar jiragen ruwa ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ina shiga kuwa sai ga tekun da na ƙetaro ɗazu kwance a gabana, an ƙanƙantar da shi a kan siminti mai faɗin eka ɗaya da rabi.

Injiniyoyin sojan Amurka ne suka gina shi a 1957, don gwada shawarar wani mutum mai suna John Reber, wanda ya so a datse mashigin da madatsu biyu a samu tafkunan ruwan daɗi. Gwaji ya nuna abin ba zai yiwu ba, aka watsar.

Ni dai abin da ya tsayar da ni shi ne ma'aunin. Tsawo da faɗi an rage su sau 1,000, amma zurfi sau 100 kawai. Da farko na ɗauka ha'inci ne, to ina kamannin yake? Sai da na yi lissafi a bayan tikitina na gane. Da an rage zurfin sau 1,000, wurin da ke da mita 10 zai koma santimita 1, kuma ruwa ɗan wannan ba ya gudu irin na teku, manne wa siminti yake yi yana jan jiki. Ashe kama a ido daban, kama a hali daban.

Ƙa'idar William Froude, injiniyan Ingila, ita ce jagora a nan: inda nauyi ke tura ruwa, idan zurfi ya ragu sau 100, gudu zai ragu sau 10. Tafiyar ta gajarce sau 1,000, gudun ya ragu sau 10, ke nan lokaci ya ninka sauri sau 100. Shi ya sa cika da janyewar teku na yini guda ke ƙarewa cikin minti 15, ko ƙasa kaɗan.

Sai dai ba a bin zomo biyu. Da an daidaita lambar Froude, mai auna gudun ruwa gwargwadon zurfinsa, ta Reynolds, mai auna tasirin kaurin ruwa, ta kuɓuce, don ta faɗi sau 1,000. Ga kuma gangaren ƙasa da ya ƙara tsayi sau 10. Maganin da suka samo ya ba ni dariya: ƙananan ɓallayen tagulla, wajen 250,000, aka kakkafa a ƙasan ruwan don su rage masa gudu, ana lanƙwasa su da hannu har sai gudun ruwan ya dace da abin da aka auna a tekun gaske. Aikin haƙuri ke nan, wallahi.

Tun 2000 kwamfuta ta karɓe binciken, wurin ya koma na masu ziyara. Na jingina da ƙarfen da ke kusa da 'yar gadar Golden Gate, ina kallon ruwa yana shigowa a hankali, ya tsaya, ya juya. Kwana uku na yi a wurin bisa agogon tekun, kafin na tuna da jirgin komawa na fita da sassarfa.