Damin Furen Amarya Daga Bakin Gona

Riƙe damin fure a ranar biki al'ada ce da muka aro daga Turawa, amma ta zauna da gindinta a wuraren dina na Kano da Kaduna da Jos, har ta kai ga amarya ba ta jin kwalliyarta ta cika idan babu shi a hannunta. Abin da ke damuna shi ne yawancin abin da ake riƙewa furen roba ne, alhali kuwa daga Satumba zuwa farkon Nuwamba bakin gonakinmu cike yake da abin da ya fi shi kyau. Da aka sa bikin ƙanwata a watan Oktoba, ni na ɗauki nauyin haɗa mata nata, kuma ban sayi komai ba sai zare.

Babban aikin yana wajen zaɓe, domin ba kowane fure mai ɗaukar ido ne yake jure rabuwa da uwarsa ba. Furen bado da na duman kada suna da kyau ƙwarai, amma kafin a gama yi wa amarya ɗaurin kai sun langwaɓe. Tumfafiya kuwa a bar ta inda take, saboda farin ruwanta yana da illa ga ido. Wanda ya fi yaudarar mutum shi ne ƙuduji, wanda furensa ja-ja mai haske yake ƙawata gonar dawa, amma shukar tana tsotse saiwar hatsi, tana zubar da dubban ƙwayoyin iri da ke iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10, don haka ban yarda a ɗauke shi daga wata gona a yawata da shi ba.

Abin da na dogara da shi shi ne yakuwa. Jan ɓawon da ake yin zoɓo da shi yana fitowa jere a jikin reshe bayan furen ya faɗi, yana da tauri da sheƙi, kuma yana wuni bai sauya ba. Na haɗa shi da kan kyasuwa da bai riƙa ba, lokacin da gashinsa ke da laushi da launin shunayya. Idan ya riƙa, sai ya riƙa kakkaɓewa yana manne wa leshi. Don ƙamshi na sa furen lalle, ƙanana masu launin madara, waɗanda mutane da yawa ba su taɓa lura da su ba duk da ganyen yana hannun kowace amarya, sannan na zagaye gindin da ganyen ɗoɗɗoya.

Yanka ana yin sa ne da asuba, kafin rana ta ɗaga, lokacin da reshe ke cike da ruwa, kuma da izinin mai gona. A tafi da bokiti mai ruwa, a yanke kowane reshe a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsoma shi nan take. A gida sai a zage duk ganyen da zai nutse, domin shi ne ke ruɓewa ya toshe hanyar shan ruwa, a kakkaɓe tururuwa, a ajiye bokitin kusa da randa a ɗaki mai duhu har la'asar.

Wajen haɗawa, ana riƙe reshe ɗaya mai ƙarfi a hannun hagu, a riƙa ɗora sauran a gicciye ana juya damin kaɗan-kaɗan zuwa gefe guda, yakuwa a tsakiya, kyasuwa ta ɗan fi kowa tsawo. Idan ya cika hannu sai a ɗaure da zare, a daidaita gindin, a naɗe da ƙyallen da ya rage daga ankon biki. Naɗin nan ba ado ba ne kawai, domin yakuwa tana zubar da ja idan ta murje, kuma farin kaya ba ya yafe wannan. Saboda haka na ninka ƙyallen, na bar ƙarshen rassan a cikin kofin ruwa har motar ɗaukar amarya ta iso, sannan na tsane su da tawul na miƙa wa babbar ƙawarta.