Alkawarin da ban sa aka rubuta ba

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a ofishin lauyoyin da na shafe shekara shida ina kare waɗanda ake tuhuma da mallakar miyagun ƙwayoyi, kuma cikin dukkan fayilolin da suka bi ta hannuna, guda ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani matashi ne mai tuƙa adaidaita sahu, aka kama shi da ƙunshin tabar wiwi a ƙarƙashin kujerar baya. Sashe na 19 na dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai mallakar irin wannan kaya, saboda haka da jami'in bincike ya ce masa za a duba lamarinsa idan ya tona wanda ya ba shi saƙon, sai ya dube ni hannunsa na rawa, ya ce, "Barista, in faɗa?" Na ce ya faɗa. Ya ambaci suna, ya kai su har ƙofar gidan, aka kuma kama mutumin.

Ban nemi a rubuta ko da layi ɗaya ba, alhali na san cewa sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya lissafa taimaka wa bincike cikin abubuwan da mai gabatar da ƙara zai duba kafin ya amince da yarjejeniyar amsa laifi domin samun sassauci, kuma ya wajabta a rubuta ta, a sa hannu, a gabatar wa kotu. Na haddace wannan tun a makarantar horar da lauyoyi, amma fara'ar jami'in ta sa na saki jiki.

Kafin ranar hukunci a Babbar Kotun Tarayya an yi wa jami'in sauyin wurin aiki. Na miƙe na yi roƙon sassauci, na zayyana haɗin kan da yaron ya bayar, mai gabatar da ƙara kuwa ya buɗe fayil ya ce bai ga komai a kai ba. Mai shari'a ya tunatar da ni, cikin ladabi, cewa maganar lauya ba shaida ba ce, kuma gaskiya ya faɗa. A bakin kotu mahaifiyar yaron ta riƙe gefen rigata ta ce, "Ɗana, ba kai ka ce za a tausaya masa ba?" Bayan wata biyu ta tashi daga unguwarsu, domin yaran dilan sun san bakin da ya yi magana.

Maigidana, wanda ya ce mini a waya kada in ɓata lokaci kan takardu a ƙaramar shari'a irin wannan, shi ne ya tsaya gaban abokan aiki ya kira abin sakacin ƙaramin lauya. Ban musa ba, domin ni ne a ɗakin binciken, amma ban manta ba.

Na koyi wasu abubuwa daga baya: kada a yi wa uwa alkawarin adadin shekaru, kuma a auna haɗarin da ke jiran iyalin mai tona asiri kafin a auna rangwamen da zai samu. Tun daga wannan shari'a babu wanda nake karewa da ya sake ambaton sunan kowa sai da takarda mai sa hannun mai gabatar da ƙara a gabana, ko da za a ce na cika taurin kai. Fayil uku na bar wa wadda za ta gaje ni, kuma kowanne da kwafin yarjejeniyarsa a shafin farko.