Tauraron Arewa ya ƙi fitowa a Aboabo

Yayana da ke Jamus ya aiko mini da madubin hangen taurari tare da mazauninsa, irin mai ƙafa uku da ƙarfen nauyi a gefe. Takardar da ta zo da shi ta ce a fara da saita sandar tsakiya ta kalli Tauraron Arewa. Na hau rufin dakalin gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi bayan Isha, na duba arewa, ban ga komai ba sai tankin ruwan maƙwabta da hazon hunturu.

Sai daga baya na gane dalili. Tsayin Tauraron Arewa daga ƙasa kusan daidai yake da nisan garinka a digiri daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu. Kumasi ba ta kai digiri 7 ba. Ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗinsa ya kai digiri 10, to tauraron yana ƙasa da haka, inda gine-gine da ƙura suka tare. Wanda ya rubuta takardar yana ɗaga kai ne ya gan shi. Wannan ya ɓata mini rai, don mu ma sama tamu ce.

Duk da haka ba a tsallake matakin. Duniya tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56, saboda haka taurari suna gusawa yamma digiri 15 kowace awa. Idan sandar ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kai, murɗa kunne ɗaya na mazaunin kawai ya isa ka bi tauraro. Idan ta karkace, kana gyara nan yana sulalewa can.

Da na kwantar da sandar zuwa digiri 7, ƙarfen nauyin ya riƙa dukan ƙafar gaba. Na ɗauki kan mazaunin zuwa Suame Magazin, unguwar makanikai, wani mai walda ya auna, ya yanka mini bututu mai kauri wanda ya ɗaga kan sama da ƙafafun. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai.

Yanzu ga yadda nake yi. Ƙafafu tukuna, in daidaita su da ma'aunin ruwa na magina, in nemo arewa da kamfas ɗin da mahaifinmu yake duba alƙibla da shi, nesa da ƙarfe. Ƙarfen nauyi shi ke fara hawa kafin madubi, kuma shi ke sauka a ƙarshe. Wanda ya juya wannan, madubinsa zai iya kifewa ƙasa. Sannan in sassauta makullan, in matsa nauyin har madubin ya tsaya duk inda na sake shi.

Sauran aikin haƙuri ne. A watan Janairu taurari ukun nan da ke jere a ɗamarar tarin taurarin da ake kira Oriyon suna wucewa kusan bisa kanmu, kuma dab suke da ikwaitar sama, wato layin sama da ke saitin ikwaitar duniya. Nakan sa ɗaya a tsakiyar madubin in bi shi. In ya zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa, in ya zame arewa, ta yi yamma. Sai in koma kan wani tauraro can ƙasa ta gabas: zamewa kudu na nufin a ɗaga sandar, arewa kuma a sauke ta. Daren farko na kai ƙarfe 1. Da ta zauna, na zagaye gurbin kowace ƙafa da fenti.

Ranar da aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, Alhaji maƙwabcinmu ya hau da jikarsa. Na saita musu Jufita, ina murɗa kunnen a hankali.

"Kawu, ga wasu ƙanana huɗu a jere kusa da shi," in ji yarinyar.

"Watanninsa ne," na ce.

Alhaji ya cire hula ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Malam, riƙe mini shi haka, kada ya tafi."